Matata Ya Tafi

Garki, Abuja.

Ummita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda kina zaune lafiya a ɗakin da aka ba ki a Jos, kin yi salla, kin ci abinci, sanyin garin bai kama miki ƙirji ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki.

Na cusa takardar ƙarƙashin robar dambun nama don na san nan za ki fara kai hannu. Da baki na so in faɗa miki, amma kin san halina. Jarumar littafi ma in ta ɗauki jaka za ta bar gida sai na jiƙa shafin da hawaye, balle ke. Abbanki ya riga ya yi miki tasa nasihar, ta salla da karatu da kama kai, kuma bai bar komai ba. Tawa ta sana'a ce. Kin ce fim za ki koya, kin ce wai ni kika gani kika yi sha'awa. To, dole in gaya miki abin da ba ki gani ba. Kin tashi kin tarar ana ce mini darakta. Ba ki san shekarun da na yi ina sunkuyar da kai in an faɗi kalmar ba.

Ina da shekara ashirin aka kawo ni unguwar Area 2, a nan Garki, amarya, da akwati uku, ɗaya cike da littattafan soyayya. Abbanki ya fita ma'aikata da safe, ni kuwa in gama shara da girki in miƙe a doguwar kujera in shiga wata duniya, inda kowane saurayi yake da mota, kowace budurwa take saukowa daga bene a hankali, kowa kuma yake magana kamar an wanke masa Hausa da sabulu. Sai in fita kasuwar Garki, mai kayan miya ya ce mini, "Madam, ka zo ka saya, tumatir ɗin yana da kyau." In dawo gida ina ƙyalƙyala dariya ina ba Abbanki labari. "Wai mutanen garin nan ba su san mace da namiji ba ne?" Shi dai sai ya ce, "Kin fahimci abin da ya ce ko ba ki fahimta ba?"

A lokacin yana da wata kamara ta hannu mai cin kaset, wadda yake ɗaukar biki da ita ranar Asabar. Wata rana ya tsinci littafin da nake rubuta nawa labarin a ciki, ya karanta, ya ce, "Ai wannan fim ne." Shi wasa yake yi. Ni kuwa kafin sati ya zagayo na raba wa mutane matsayi: ƙanwar maƙwabciyarmu jaruma, wani abokin aikinsa jarumi, ni marubuciya, ni darakta, ni mai dafa wa kowa shinkafa da wake.

Labarin nawa yana buƙatar gida mai bene mai lanƙwasa da fitila mai lilo a falo. Mu kuwa ɗaki biyu gare mu, da bokiti a ƙarƙashin famfon kicin saboda yoyo. Ko sau ɗaya ban yi tunanin in sauya labarin ba. Gida na shiga nema. Abbanki ya san wani dattijo a masallacin Juma'a, Baba Audu, mutumin ƙauyen Jiwa da ke gefen Abuja, Gbagyi ne, yana kula da fulawa a wani katafaren gida a Maitama. Mai gidan ya yi tafiya ƙasar waje da iyalinsa. Baba Audu ya yi magana da mai gadi, aka buɗe mana ƙofa kwana uku. Mai gidan kuwa ba wanda ya tambaye shi. Na sani sarai ba daidai ba ne, amma da na ga benen nan sai na ji kamar an buɗe mini shafin littafi an ce shigo.

A rana ta uku direban gidan ya zo ɗumama motoci, ya leƙo falo, ya tarar da jarumata a kishingiɗe kan kujerar matar gidan tana kukan ƙarya. "Wa ya ba ku izini? Oga ya sani?" Haka muka fito da ƙafar kamara a kafaɗa da kular shinkafa a hannu, ke kina goye a bayana kina barci. Sai da Abbanki ya yi ta sintiri yana ba da haƙuri kafin a bar Baba Audu da mai gadin a bakin aikinsu. Don in sami bene na kusa raba tsofaffi biyu da abincinsu. Ummita, kada ki shiga inda ba ki nemi izinin mai shi ba, ko da an buɗe miki ƙofa. Ki duba wa za a kora in abu ya ɓaci, domin yawanci ba mai riƙe da kamara ba ne.

Amma wannan ba shi ne babban kuskurena a gidan ba. Babban ya faru ne a rana ta biyu, a lambu, kuma sai bayan shekara shida na san na yi shi.

Na ba Baba Audu ɗan ƙaramin matsayi, don in saka masa. Jarumi zai wuce ya tambaye shi me ya sa ya yi shiru, shi kuma ya ce, "Matata ta tafi." Kalma uku ke nan. Na ce akshin. Ya ɗago kai daga tiyon ruwa ya ce, "Matata ya tafi."

"Kat! Baba, ta tafi. Mace ce ai."

"To, Madam."

Aka sake. "Matata ya tafi." Aka sake. Haka dai. 'Yan wasa suka fara danne dariya, ni kuma rana tana dukana, ke kina mutsu-mutsu a baya. Na matsa kusa da shi ina buɗe baki kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya: "Ta. Ta. Ta tafi." Dattijo mai furfura, a gaban yara sa'o'in jikokinsa. A karo na ba-na-iya-tunawa ya ajiye tiyon a hankali ya ce, "Madam, ka yi haƙuri. Ko ya ko ta, mutumin dai bai dawo ba." Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Na ce a bar shi, za mu gyara a wajen edita. Muka gyara kuwa. Na sa Abbanki ya ɗora muryarsa a kan bakin tsohon, da Hausarsa ta Kano tsaf.

Na ɗauki fim ɗin na kai wa wani ɗan kasuwar fim a Kano, Alhaji Tanimu, domin a lokacin in ɗan kasuwa bai buga maka faifai ba, fim ɗinka a ɗakinka zai tsufa. Ya kalli kamar minti goma yana cin gyaɗa, ya kashe. Ya ce, "Hajiya, jarumarki tana tafiya a gidan nan kamar tana tsoron ta fasa wani abu. Tsohon nan kuma bakinsa daban, muryarsa daban. Ki koma ki ci gaba da karatun littafi, ya fi sauƙi." Na yi kuka tun daga Kano har Zuba, bakin Abuja.

Daga nan na shiga wani kuskuren, mai tsawo. Na ce masana'antar ce ba ta son mace, ba ta son ɗan Abuja, ba ta son wanda ba shi da uban gida. Akwai gaskiya a ciki, za ki gani da idonki. Amma na fake da wannan gaskiyar don kada in sake kallon abin da na ɗauka. Shekara shida ina bin Abbanki ɗaukar biki, ina ɗaukar amaren wasu suna saukowa daga bene. In wani ya tsokane ni ya ce darakta, sai in ce wace darakta, mai ɗaukar kamu dai. In aka ƙi aikinki, ki yi fushinki na kwana biyu, ba laifi. A rana ta uku ki zauna ki kalli aikin da idon wanda ya ƙi shi.

Ƙarshe na ce a sayar da kamarar, na gaji. Abbanki bai yi musu ba, ya samo mai saye, aka sa ranar Asabar. Ranar Alhamis da hantsi na zauna ina goge ta, na ce bari in gwada ko tana juya kaset kafin mai saye ya zo ya kunyata mu. Na zari kaset ɗaya daga kwalin da muke ajiye tsofaffi ba tare da na duba ba. Sai ga lambun Maitama. Sai ga ni ina buɗe baki, "Ta. Ta." Na kai hannu zan kashe don kunya, sai na ga hoton bai tsaya ba. Ashe da na ce kat na ƙarshe muka watse zuwa cin abinci, Abbanki ya manta bai danna maɓalli ba. Kamarar ta ci gaba da kallon Baba Audu shi kaɗai, sai mai gadi da ya matso ya ce masa kada ya damu.

Ya ɗauki tiyon ya ci gaba da ban ruwa, yana magana ba ya kallon kowa. Ya ce, "Shekara talatin shi ne yake dama mini kunu kafin in hau mota. Damina da ta wuce ya ce kansa yana ciwo, na kai shi asibiti. Matata ya tafi, Malam. Bai dawo ba. Kullum ina ba fulawan oga ruwa. Gonarsa ta gyaɗa, ko ciyawa ban cire ba."

Ummita, na karanta mutuwa a littafi ba iyaka, da kalmomi masu daɗi, da hawaye masu kama da lu'ulu'u. Ba wadda ta taɓa zaunar da ni a ƙasan siminti kamar wannan. Na sa mutum ya maimaita mutuwar matarsa sau da yawa a gaban mutane, ni kuma abin da nake ji kawai shi ne harafi. Da Abbanki ya dawo daga ofis ya tarar da ni a wurin, na ce ya kira mai saye ya ba shi haƙuri.

Ranar Asabar ɗin, maimakon ciniki, Jiwa muka tafi. Baba Audu ya bar aikin Maitama, ya koma noma. Muka same shi a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, na ce na zo neman gafara. Ya dube ni, ya gane ni, ya washe baki. "A'a! Malamin makaranta! Ka zo ka ƙarasa mini darasi?" Na fara kuka, shi yana dariya. Ya ce shi ya manta tuntuni, amma tunda na zo da ƙafata, ya yafe. Ki koyi zuwa da ƙafarki. Saƙon waya ba ya durƙusawa.

Sai da na yi zuwa uku kafin in iya tambayarsa ko zai yarda a yi fim da labarinsa. Ya ce sai ya shawarci 'ya'yansa, domin uwarsu ce. Na jira sati biyu, suka yarda. Labarin ba shi da wani ado: tsoho yana ba fulawar mai kuɗi ruwa a birni, gonar matarsa tana mutuwa a ƙauye, har ranar da ya zaɓi ɗaya. Wannan karon ban rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba. In gaya musu abin da ya faru kawai, in ce ku yi magana yadda za ku yi.

Kada ki ɗauka da na shiryu sai hanya ta miƙe. Asabar da Lahadi kawai muke da su, saboda aikin Abbanki. Da tsohuwar kamarar muka fara, ta mutu mana a tsakiyar gona, sai wani abokinsa ya ara mana tasa. Makirufo a sandar mofa muka ɗaure shi da tsumman atamfa. Hasken fuska kuwa, kwalin indomi ne na liƙa wa takardar ƙyalli ta gashin kifi. Injin niƙan maƙwabta yana tashi daidai lokacin da na ce akshin, sai mu zauna mu jira matan unguwa su gama niƙa. Wanda ya fito a matsayin direba ya sami aikin gaske a Legas ya tafi, dole na sauya labarin na ce an kore shi. Ruwan sama ya cinye mana Lahadi uku a jere. Kuma kowace safiya sai na dafa abincin mutum goma sha biyar kafin mu hau mota, domin abu ɗaya da na iya tun farko shi ne wannan: kada ki ce akshin ga mai jin yunwa. Damina biyu muka yi. Amma a Jiwa ba wanda yake tafiya kamar yana tsoron fasa wani abu. Matan da suke wucewa da itace a kafaɗa, yadda suka saba ɗauka, ba sai na ce musu su yi kamar gaske ba.

Na sake hawa mota zuwa wajen Alhaji Tanimu. Wannan karon ya kalla har ƙarshe, gyaɗar ma ya manta da ita. Ya ce, "Hajiya, kin koyi aiki. Labari ya yi. Amma Hausar nan ba za ta shiga kasuwa ba, dariya za a yi. A ɗora wa tsohon murya, da sauran duka, ni kuma in sa miki shi a kasuwa."

Zan so in ce miki na miƙe na ɗauki fim ɗina na fita, irin na jaruman littafi. Ƙarya ne. Cewa na yi zan yi tunani. Shekara takwas ina jiran wani ya ce mini na koyi aiki, ga shi an faɗa, kuma ban san wata ƙofar ba sai tasa. Kafin in iso Abuja na riga na kira edita. Na ce wa Abbanki ya shirya, zai sake yin muryar Baba Audu. Yana cin tuwo, bai ko ɗago ba ya ce, "Wancan karon na ba ki, ban sani ba. Yanzu na sani. Ki nemi wani maƙogwaron." Kwana biyu ban yi masa magana ba sai gaisuwa. A rana ta uku na kira edita na ce a bar shi yadda yake, na kira Alhaji na ce na gode. Ina addu'a Allah Ya ba ki mutum ɗaya, ko a aure ko a aiki, wanda yake son ki har ya iya hana ki abin da kike roƙo.

To, ga fim, ba kasuwa. Baba Audu ne ya ce, "A nuna a Jiwa mana. Mu da muka yi, mu gani." Akwai gidan kallon ƙwallo kusa da kasuwarsu, rumfar kwano da bencina da babbar talabijin. Mai wurin ya ba mu ranar Talata bayan azahar, lokacin da ba wasa. Mata suka cika gefe guda, wasu ranar suka fara taka wurin. Ni a bakin ƙofa na tsaya da jakata a hannu, don in aka fara dariyar da Alhaji ya faɗa in sulale.

An yi dariya kuwa, amma a inda ya kamata: inda akuya ta ci hular direba, inda Baba Audu yake kwaikwayon tafiyar oga. Sai aka zo wurin. Yana tsaye a gonar gyaɗa, ciyawa har gwiwa, ƙaninsa yana tambayarsa me ya sa ya bar gona haka. Ya ce, "Matata ya tafi. Bai dawo ba."

Na runtse ido. Ban ji komai ba sai ƙarar janareta. Na buɗe, na ga wani ƙato, ɗan acaɓa, ya cire hula yana goge fuska da ita. Wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce da ƙarfi, kamar yana gabanta, "Haka ne, Audu. Haka ne." A rumfar nan kaf ba wanda ya ji kuskure. Da aka gama aka ƙi tashi, aka ce a maimaita, sai da ladan ya kira la'asar aka watse. Baba Audu ya ratso mutane ya zo inda nake, ya ce, "Madam, yau ba ka gyara ni ba."

Sauran kin fara wayo, kin gani. Muka sa shi a intanet ba tare da wani dogon buri ba. Masu gadi da direbobin Maitama suka riƙa tura wa juna a waya, masu tura baro a kasuwa suna kallo a inuwa. Wata babbar darakta a ma'aikatar Abbanki ta tare shi a matakala ta ce, "Wai matarka ce ta sa ni kuka a ofis?" Har daga Kano aka riƙa rubuto mini cewa da dariya suka fara, ba su san lokacin da suka daina ba. Wata rana ina yankan alayyafo waya ta yi ƙara, sai na ji muryar Alhaji Tanimu. "Hajiya darakta, tsohon nan naki ba shi da wani labarin?" Na ce, "Yana da shi, Alhaji, amma da bakinsa zai faɗa." Ya ce, "Ai shi nake so." Na ajiye wayar na yi rawa a kicin da wuƙa a hannu, har kika leƙo kina tambaya ko lafiya.

Ba mu yi kuɗi ba, kin sani, har yau bokitin yana ƙarƙashin famfo. Amma tun daga ranar ban daina aiki ba, kuma ban sake ɗora muryar wani a bakin wani ba. Littattafaina ma ban yar ba, kada ki raina su, su suka koya mini son labari. Abin da ba su koya mini ba shi ne sauraro.

A makaranta za a koya miki haske da sauti da abubuwan da ni har yau da ka nake yin su. Ki koya da kyau, ki zo ki koya mini. Za ki haɗu da masu Hausa iri-iri a Jos, wasu za su ce miki ka, wasu za su ce wa tebur ita. Kafin ki buɗe baki ki gyara wa mutum, ki tabbata kin ji abin da ya ce. In kuma kin ga an gama fitowa, kada ki yi saurin cewa kat. Ki bar kamara ta ɗan ƙara gudu. Fim ɗin da ya tsayar da ni da ƙafata, bayan na ce kat aka fara shi.

Shekaranjiya Baba Audu ya zo da doya da gyaɗar gonar nan, kina wajen ɗinki ba ku haɗu ba. Gyaɗar ce a baƙar leda a gefen jakarki. Ya tsufa sosai, sai da Abbanki ya riƙe shi a matakala. Ya ga akwatinki a falo ya ce, "Yarinya zai tafi?"

Na ce, "Zai tafi, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya dafa akwatin ya ce, "Wannan zai dawo."

Na ce amin.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya buɗe miki kunne kafin baki, Ya sa albarka a abin da za ki koyo. Abbanki yana gaishe ki, ya ce ki sa rigar sanyi ko da kin ga rana. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalam.

Mamanki.